Ranar da na ce wa alƙalin wasa ɓarawo

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa yarda yaro ya ɗaga mini murya cikin aji ba. Waɗanda suka biyo ta hannuna shaida ne. In na ce amsa ba daidai take ba, to magana ta ƙare a nan, mai ƙorafi ya jira a fita shan iska ya same ni a tebur. Da wannan hali aka san ni a garinmu, har wasu iyaye kan je wajen direkta su roƙa a saka ɗiyansu masu taurin kai a ajina. Shi ya sa labarin da zan ba ku ya yi mini nauyi a baki. Na yi kusan shekara biyu ina juya shi a raina kafin in zauna in rubuta.

Cikin sanyin shekarar da ta gabaci bara, makarantun firamare na garinmu da na ƙauyukan kewaye suka shirya gasar ƙwallon ƙafa ta ƴan manyan azuzuwa. Ba wani babban abu ba ne. Mu malamai muka yi karo-karo, jika-jika, kwamitocin iyaye suka ɗora nasu, aka sayi ƙwallo biyu da wani ɗan kofi mai ƙyalli daga kasuwar Maraɗi. Fili kuwa kun san irinsa. Rairayi ne, da toka aka ja layi, turakun gida itacen bedi ne, a sama kuma igiya aka ɗaura a madadin sanda. Babu raga. Ku riƙe zancen igiyar nan, don a kanta komai ya faru.

Ni ke horar da yaran makarantarmu, kuma mun kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya riƙe usur a ranar wani malamin kwantiragi ne daga wata makarantar ƙauye da aka riga aka fitar daga gasar, yaro matashi da bai wuce shekara ashirin da huɗu ba. Usur ɗin na roba ne, katunansa biyu kuwa daga bangon littafin rubutu ya yanko su, ja da mai ruwan ɗorawa. Ba shi da mataimaka a gefen layi. Ba wanda ya yi masa alkawarin ko dala, in ban da ruwan leda a hutun rabin lokaci.

An ci mu ɗaya. Saura ƴan mintoci a tashi, rana ta yi ƙasa, sai kaftin ɗinmu, wani yaro ɗan shekara goma sha uku mai ƙafar hagu, ya samu ƙwallo daga nesa ya ɗirka. Mai tsaron gida ya yi tsalle bai taɓa ta ba. Igiya ta girgiza, ƙwallo ta wuce baya ta faɗa cikin kara. Daga inda nake tsaye, ta ƙarƙashin igiya ta bi. Har yau in aka tambaye ni abin da idona ya gani, haka zan ce. Alƙali ya nuna wa mai tsaron gida ya ɗauko ya buga, wato ba a ci ba.

Ban san lokacin da na tsallake layin toka ba. Abu uku na faɗa, kuma ina tune da su a jere. Na ce, "Kai makaho ne?" Na ce, "Nawa suka ba ka?" Sannan na ce, "Ɓarawo!"

Abin da ya biyo baya bai kai minti biyu ba. Yarana goma sha ɗaya suka yi masa zobe. Wani yana zana akwatin talabijin da yatsu cikin iska, a filin da ko fitila babu. Kaftin ya matso ƙirji da ƙirji, ya maimaita kalmar da na faɗa, ya kai hannu ga igiyar usur. Malamin ya zaro jan katinsa, hannunsa na rawa, yaron ya buge katin ya faɗi cikin rairayi. Samarin unguwa suka kutso fili. Wani ya jefo hoge. Alƙali ya busa sau uku, ya juya ya nufi motonsa. Moto ya ƙi tashi, ya kama tura shi, yara na biye da shi suna ihu suna yi masa ature. A nan hankalina ya dawo, na tsinci kara na hau korar yara, ina cewa ba su da tarbiyya.

Ranar Litinin na tsayar da kaftin gaban allo. Na yi masa irin faɗan da na iya, na girman na gaba da kunyar malami, yana sunkuye bai ce uffan ba. Daga ƙarshe na ce, "Wa ya koya maka ka dubi malami ka ce masa ɓarawo?" Ya yi shiru. Na sake tambaya da ƙarfi. Sai ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗago kai ba, "Mushe, ku na ji kun faɗa."

Aji mai yara saba'in da wani abu ya yi tsit. Ba rashin kunya ya yi mini ba. Tambaya na yi, ya ba ni amsar gaskiya, kamar yadda na koya masa. Na ce ya je ya zauna, na juya na rubuta kwanan wata a allo, na daɗe ina rubuta shi.

Dokokin ƙwallon ƙafa goma sha bakwai ne, kuma ba baƙona ba ne, don a makarantar horon malamai an sa mun kwafe su a darasin wasannin motsa jiki. Ta biyar ita ce ta alƙali, kuma abin da take faɗi a taƙaice shi ne hukuncinsa a kan abin da ya faru cikin wasa shi ne na ƙarshe, har da batun an ci ko ba a ci ba. Ku lura, ba ta ce alƙali ba ya kuskure ba. Waɗanda suka rubuta ta sun san zai yi. Sun dai ga cewa yara ashirin da biyu, ko manya ashirin da biyu, ba za su iya wasa ba sai an samu mutum guda wanda in ya ce a ci gaba za a ci gaba. Ta goma sha biyu kuma ta ce wanda ya nuna ƙin yarda da hukunci, da baki ko da alama, katin gargaɗi ne, wanda ya yi zagi ko cin mutunci kuwa jan kati ne. Har zana akwatin talabijin ɗin nan, in ɗan wasa ya matsa da shi, gargaɗi ne. Tun 2019 kuma alƙali na iya ɗaga wa mai horarwa kati kamar yadda yake ɗaga wa ɗan wasa. Ke nan a ranar nan jan kati na farko nawa ne, yaron nawa na biyu ya cancanta. Malamin ya ji nauyin furfurata ne kawai, ya tsallake ni.

Da na koma ina bincike a kan katunan nan, sai na tarar ashe malamin makaranta ne ya ƙirƙiro su. Sunansa Ken Aston, mutumin Ingila, ya koyar a firamare har ya zama shugaban makaranta, kuma shi ne ke kula da alƙalai a gasar cin kofin duniya ta 1966. A gasar, cikin wasan Ingila da Ajantina, wani alƙali Bajamushe ya kori kaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín, saboda yawan gardama. Rattín ya ƙi fita, yana neman a kawo tafinta, wasa ya tsaya na tsawon mintoci. Alƙali na jin Jamusanci, ɗan wasa na jin Sifaniyanci, ƴan kallo ba su san abin da ake ciki ba. Aston yana tuƙa mota a birnin Landan, ya tsaya a fitilar hanya, sai dabara ta zo masa: ruwan ɗorawa ka yi hattara, ja ka tsaya. A gasar 1970 a Mekziko aka fara aiki da su. Ban yi mamaki da malami ne ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san akwai lokacin da in ka buɗe baki ka shiga bayani, ka faɗi, sai dai alama guda wadda kowa ya san ma'anarta.

Uzurin farko da na ba kaina shi ne gidan kallo. Na ce yaran nan a talabijin suke gani, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Da ƴan kuɗi kaɗan yaro zai zauna kan benci ya kalli Real Madrid da Barcelona, ya ga manyan taurari shida sun kewaye alƙali, jijiyar wuya a tashe. Yana ganin turin, amma ba ya ganin hukuncin da ke zuwa bayan kwana biyu a takarda. Cristiano Ronaldo ya ture alƙali a 2017 bayan an kore shi a wasa da Barcelona, aka dakatar da shi wasa biyar. Mitrović na Fulham ya yi irin haka a 2023, ya sha takwas. Yaron da ke kan benci ya riga ya tafi gida da hoton turin a kansa.

Sai dai uzurin bai daɗe ba ya rushe, kuma a ƙofar gidana ya rushe. Yaran nan su ne dai ke buga balo a lungunmu kullum bayan la'asar, ba alƙali, ba layi, takalma biyu ne gida. Na zauna a tabarma na kalle su da sabon ido. Gardama ba ta ƙarewa, amma ba ta wuce ƙiftawa da bismilla. "Hannu ne!" "Ba hannu ba ne!" "Rantse." In ya rantse, an wuce. In abu ya cije, mai balo ya yanke, ko a ce a sake bugawa, don kowa ya san magariba na tafe kuma gardama cin lokacin wasa take yi. Su ma sun kalli gidan kallon nan. To me ya ƙaru ranar Asabar a filinmu wanda babu shi a lungu? Kofi ya ƙaru, da sunan makaranta, da mu manya da muka jeru a bakin layi.

Iyaye, ku yi mini haƙuri, ba ni kaɗai ba ne a layin nan. Na ji uba yana ce wa ɗansa "karya shi!" a kan ɗan wani. Na ji wanda ya aika wa alƙali ashar da ba zan iya rubutawa ba, alhali shi ne ke jan sahun gaba a masallacin unguwa. Mutumin da ba zai yarda ɗansa ya miƙa masa abu da hannun hagu ba, shi ne zai tsaya a bainar jama'a ya nuna masa yadda ake tozarta babba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muna ɗaukar filin ƙwallo kamar wani wuri ne da aka ɗage alƙalami, abin da aka faɗa a can bai shiga lissafi ba. Yara ba su san da wannan iyaka ba. A wajensu Mushen Asabar da Mushen Litinin mutum ɗaya ne.

Wanda yake ganin na cika zuzuta abu, ya ji abin da ya faru a ƙasar Holan a watan Disamba na 2012. Wani magidanci mai shekara 41, Richard Nieuwenhuizen, ya riƙe tuta a gefen layi don taimako, a wasan matasa da ɗansa ke bugawa a garin Almere. Bayan an tashi, ƴan wasan ɗaya ɓangaren, yara masu shekara goma sha biyar zuwa sha shida, suka rufe shi da duka da shuri. Washegari ya mutu. Cikin waɗanda kotu ta ɗaure har da mahaifin ɗaya daga cikin yaran. Da na karanta sai na tuna hogen nan. Ban san wanda ya jefa shi ba, kuma da dutse ne ya samu a gabansa, da dutse zai jefa.

Wani abokin aikina, wanda muka yi makarantar horon malamai tare, bai yarda da ni gaba ɗaya ba, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, "To kana so mu koya wa yara su haɗiye zalunci ke nan? A duniyar nan yaron da bai iya cewa an cuce ni ba, ai ya shiga uku. Kuma kada ka yi kamar babu alƙalan da ake saye." Gaskiyarsa, akwai su. A watan Nuwamba na 2016, a wasan neman shiga kofin duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal, alƙali ɗan Gana, Joseph Lamptey, ya ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida a kan cewa Kalidou Koulibaly ya taɓa ƙwallo da hannu, alhali a gwiwa ta buge shi. Senegal ta sha kashi 2 da 1. Mu ma nan gida ba mu tsira ba, don a 2019 hukumar FIFA ta haramta wa wani tsohon alƙali ɗan ƙasarmu harkar ƙwallo har abada saboda karɓar cin hanci.

Amma na ce masa ya dubi yadda ta ƙare da Lamptey. Ƴan wasan Senegal sun yi gardama a fili, bai sauya komai ba, an buga an ci. Abin da ya yi aiki shi ne ƙarar da hukumar ƙwallonsu ta shigar a rubuce. Aka bincika, aka haramta wa alƙalin busa har abada, aka ce a sake wasan. A Nuwamban 2017 aka sake, Senegal ta ci 2 da nema, ta tafi kofin duniya na 2018. Ni ba na so yaro ya zama tunkiya. Ina so ya san ƙofar da ake bi da ƙorafi, da lokacinta, da irin muryar da ake shiga da ita. Abin da nake yi a ajina ke nan shekara ashirin: ka jira shan iska ka same ni a tebur. Sau nawa yaro ya zo ya nuna mini na yi kuskuren haɗa maki, na gyara masa? Ba adadi. Ni da ke da wannan ƙa'ida, ni ne na kasa jiran minti huɗu.

Akwai wani abin da ya ƙara ba ni kunya. A 1998 ina saurayi, muka cika tsakar gidan wani maƙwabcinmu mai talabijin don kallon Italiya da Cile a kofin duniya na Faransa. Ba don ƙasashen biyu muka taru ba, don alƙalin ne, marigayi Lucien Bouchardeau, ɗan Nijar, a gaban idon duniya. Ana dab da tashi ya ba Italiya bugun daga kai sai mai tsaron gida a kan taɓa ƙwallo da hannu, Roberto Baggio ya ci, aka tashi 2 da 2. Mutanen Cile suka yi ta kumfar baki. Mu kuwa a tsakar gidan nan kowa ya zama lauyansa. Ni da bakina na ce mutum ne, ido biyu gare shi, kuma cikin daƙiƙa guda ya yanke, su zo su riƙe usur ɗin mu gani. Ashe na san wannan magana tun ina ɗan shekara goma sha bakwai. Na san ta ne a ranar da alƙali namu ne kuma ƙwallon ta wasu ce.

Sai da na yi kwana goma kafin in iya zuwa wajen malamin. Na goya kaftin a bayan moto muka tafi ƙauyen. Muka same shi cikin ajin zana, yana koyar da lissafi. Ya fito da alli a hannu, ya rusuna ya gaishe ni, abin da ya fi mari zafi.

Na ce, "Malam, na zo ne in ba ka haƙuri. Abin da na faɗa maka ban da hujjarsa, kuma ko ina da ita, ba wurin faɗinsa ba ne."

Ya ce, "Haba Yaya, ai ya wuce. Wasa ne."

Yaron ma ya durƙusa ya ba da nasa haƙurin. Muka zauna a gindin wata bedi, sai na kasa daurewa, na tambaye shi ko ƙwallon nan ta shiga. Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi Yaya ban gani ba. Rana na cikin idona, ga ƙura. Na ga igiya ta motsa, amma igiya tana motsi ko ta sama aka taɓa ta ko ta ƙasa. Abin da ban gani ba, ba ni iya cewa ya shiga."

Daga nan ya yi shiru, sannan ya faɗi abin da ban zo da shirin ji ba. Ya ce hogen bai dame shi ba. "Nawa suka ba ka" ɗin nan ita ta tsaya masa, don a ranar wata biyu ke nan kuɗinsa bai zo ba, man da ya zuba a moto ya zo wasan ma bashi ya ci. Kuma labari ya riga shi isa ƙauye. Tun daga ranar, in ya juya yana rubutu a allo, yakan ji wata ƴar murya daga bayan aji tana cewa "ɓarawo", sauran su ƙyalƙyale. Ya rasa wanda zai kama.

Malamai, kun san abin da wannan ke nufi. Abin da malami ke da shi a gaban aji ba bulala ba ce, ba albashi ba ne, kwarjini ne, kuma sabon malami da ƙyar yake tara shi, kaɗan-kaɗan. Ni da na fi kowa sanin tsadarsa, na zubar masa da nasa cikin numfashi guda, a kan kofin da bai kai jika goma ba. Na roƙe shi ya bar ni in shiga ajinsa. Na tsaya gaban yaransa na gaya musu ni ne wanda ya faɗi kalmar nan, ƙarya na yi, malaminsu bai ci kuɗin kowa ba, kuma na zo tun daga gari don in roƙe shi gafara. Suka zuba mini ido. Ban sani ba ko ya yi amfani. Da za mu tafi na ce sai mun gan shi a gasa ta gaba, ya ce, "Yaya, ni da usur kuma sai dai in gani a hannun wani."

Bara da aka zauna shirya gasa, aka zo kan batun alƙalai, kowa ya sunkuyar da kai. Matasan malamai duk sun ga abin da ya faru ko sun ji. Direktanmu ya dube ni ta saman tabarau, bai ce komai ba. Na ce a rubuta sunana.

A zaman nan muka sauya wasu abubuwa. Na farko dai mun cire igiya, muka sa maƙeri ya yi mana sanda ta ƙarfe, wata mata daga kwamitin iyaye ta kawo tsohon gidan sauro aka ɗaura a matsayin raga. Rabin rigimar duniya rashin kayan aiki ne. Igiyar kuma ba mu yar da ita ba, mun ja ta taki biyar bayan layin toka, muka ce iyaye da malamai nan ne iyakarsu, malamin da ya tsallake ya bar filin gaba ɗaya. Sannan muka ari dabara biyu daga waje. A gasar ƙasashen Turai ta 2024 an ce kaftin kaɗai ke da izinin zuwa wajen alƙali ya nemi bayani, duk wanda ya biyo shi kati ne. A Ingila kuma, tun 2019, a wasannin ƙananan ƙungiyoyi, wanda ya yi wa alƙali gardama yakan fita ya huce na minti goma sannan ya dawo. Mu muka mai da shi biyar, don wasanmu gajere ne. Wanda bai gamsu ba bayan an tashi, kaftin ya rubuta ƙorafi a takarda, da Faransanci ko da Hausa, kwamiti ya karanta ranar Litinin. Takarda uku muka samu a gasar duka, ɗaya cikinsu ta fi duk wani rubutun da yaron ya taɓa yi mini a aji kyau.

Riƙe usur kuwa, gani ya kori ji. Daga bakin layi fili shimfiɗe yake kamar allo, komai a sarari. Daga tsakiya ba ka ganin komai sai bayan yara da ƙura. Kana gudu cikin rairayi da shekara arba'in da wani abu a gwiwa, numfashi na yankewa, ƙwallo ta tashi daga nan ta faɗa can, kafin ka juya an riga an faɗi ana kallonka. Ba wanda za ka tambaya. In ka yi jinkiri a ce ba ka iya ba, in ka yi sauri ka busa abin da kake zato.

A wasana na uku na busa abin da nake zato. Aka bugo ƙwallo cikin da'irar gida, wani yaro ya tare, na ga kamar hannu, na nuna bugun daga kai sai mai tsaron gida. Daga bayan igiya wani uba, wanda na koyar da ɗiyansa uku, ya ɗaga murya ya ce dama an san inda na karkata. Na ji abin har cikin cikina. Yaran suka taso, sai kaftin ɗinsu ya buɗe hannu ya mai da su baya, ya zo shi kaɗai, hannu biyu a baya.

Ya ce, "Mushe, a ƙirji ta buge shi."

Na ce, "Na ji ka. Ni hannu na gani."

Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce "To," ya juya. Aka buga aka ci, kuma da wannan ci aka fitar da su. Bayan an tashi yaron da na hukunta ya zo wucewa, sai na ga tambarin ƙwallo, zagaye, na ƙura, a tsakiyar farar rigarsa. Ba kusa da hannu ba ma.

Na tara su a gindin bango na ce na yi kuskure, kaftin ɗinsu ne ke da gaskiya. Wani ya tambaya ko za a sake wasan. Na ce a'a, kuskuren gani ba a sake wasa dominsa, amma suna iya rubutawa. Mai farar rigar ya fashe da kuka. Ba ni da abin da zan ce masa wanda zai mai da masa da wasansa, ban kuma yi ƙoƙarin ƙirƙirowa ba. Na dai zauna tare da su har aka kira magariba. Takardarsu ce wadda na ce ta fi kyau, kuma ni na karanta ta da bakina a gaban kwamiti.

Tsohon kaftin ɗina yanzu yana kwaleji. Makon jiya ya tare ni a hanya ya ce in ana neman mai riƙe tuta a gefen layi bana, yana so. Na ce ya zo ranar Asabar da jan ƙyalle da sanda, zan nuna masa yadda ake duba satar gida. Jadawalin gasar na gabana yanzu, an cike alƙalan zagayen farko, ni ina da wasa huɗu. Gurbin wasan kusa da na ƙarshe ne babu kowa. Na aika wa malamin ƙauyen nan saƙo ta WhatsApp tun ranar Talata, alama ta nuna ya karanta, bai amsa ba tukuna. Na rubuta sunansa a gurbin da fensir.